Kuɗin Cefane: Tarihin Sanin Farashi Tsakanin Miji da Mata a Gidan Bahaushe

Gabatarwa

Wata safiya cikin azumin 2024 ina shirin fita aiki, sai maiɗakina ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah nawa ake sayar da mudun wake yanzu?" Na faɗi abin da nake tsammani. Ba ta ce mini uffan ba, sai ta kira ƙaramin ɗanmu ta maimaita masa tambayar. Yaron ya faɗi kuɗin da ya ninka nawa har da ɗoriya, sa'an nan ya ƙara da cewa wannan farashin jiya ne, na yau kam sai an je. Na fita ina dariya, amma kafin in kai ofis dariyar ta koma kunya, domin ni ne nake ajiye kuɗin cefane a gidan, kuma a bisa wancan tsohon farashi da ke cikin kaina nake ajiye su.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin al'amarin ta fuskar tarihi. Tambayar da take son amsawa ita ce: tsakanin miji da mata a gidan Bahaushe, wa ya san farashin abinci, ta wace hanya ya san shi, kuma me ke faruwa idan sanin ɗaya ya tsaya wuri guda alhali kasuwa tana ta tafiya? Masana tarihi sun yi rubutu mai yawa a kan fatauci da ayari da dalar gyaɗa. Ƙullin daddawa da mudun gero kuwa ba su sami wannan gata ba, ko da yake a kansu ne aure da yawa ya zauna, a kansu kuma da yawa ya mutu.

Abin da Shari'a ta Ɗora

Ba a iya fahimtar cefane sai an fara da hukuncin ciyarwa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce malaman ƙasar Hausa suka gada, ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna wuyan miji ne, ko da matar ta fi shi dukiya. Abin da ta samu ta hanyar sana'arta ko gadonta nata ne ita kaɗai. Littafin Muhtasar na Shehu Halil, malamin Misira na ƙarni na 14, wanda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, ya kawo abubuwan da ake dubawa wajen ƙaddara ciyarwa: ƙarfin miji, matsayin matar, garin da suke zaune, da kuma farashin da ake ciki. Wannan na ƙarshe shi ne abin lura a nan. Malaman fiƙihu ba su yanka wani adadi na dindindin ba, sun ɗaure ciyarwa ne da kasuwa, ta yadda idan kasuwa ta motsa haƙƙin ma ya motsa. Ke nan mijin da bai san farashi ba yana iya tauye haƙƙi yana ganin ya sauke shi.

Ƙarar ma ba sabuwa ba ce. Hindu 'yar Utba, matar Abu Sufyan, ta kai kuka wurin Manzon Allah (SAW) cewa mijinta mai maƙo ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, aka kuma yi mata izini ta ɗebi abin da zai wadatar da su gwargwadon yadda aka saba. Abu Sufyan kuwa babban falke ne mai jagorantar ayari zuwa Sham. Mutumin da ya san farashin kayan raƙumi dubu bai zama lalle ya san abin da tukunyar gidansa ke ci ba.

Zamanin Rumbu da Wuri

Kafin zuwan Turawa, mafi yawan Hausawa ba sa sayen hatsin da suke ci. Gandu ke nomawa, a ɗaure dammuna, a zuba a rumbu. Lissafin maigida lissafin dami ne: dami nawa aka samu, nawa za a fitar zakka, nawa za a ware na iri, nawa zai kai gida har wata kakar. Shi ke fitar da awo, ya miƙa wa mai girki, ita kuma ta sussuke, ta surfa, ta niƙa. A nan ne sani ya fara rabuwa gida biyu. Maigida ya san yawan dammunan da suka rage a rumbu, amma matar ce ta san mudu nawa dami ɗaya ke bayarwa, da kuma malmala nawa mudu ke fitarwa. Sai dai a wancan tsari wuya ne sanin nasu ya yi nisa da juna, saboda abin da ake aunawa hatsi ne da ido ke gani. Idan rumbu ya ja baya, kowa a gidan ya sani.

Abin da ake saye da kuɗi shi ne mahaɗi, wato gishiri da kanwa da daddawa da barkono da mai, da nama idan hali ya yi. Wannan shi ne asalin cefane, kuma da wuri ake yin sa. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa da wuri 50,000 zuwa 60,000 iyali guda za su iya rayuwa shekara cur cikin wadata, har da tufafinsu. A ƙidayar Bahaushe wannan keso biyu da rabi ne zuwa uku, tun da keso ɗaya wuri 20,000 ne. Idan aka raba shi a kan kwanakin shekara, ya kama kimanin wuri 140 zuwa 165 a rana. A lokacin nan ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500 a kasuwar Kurmi.

Wuri yana da nauyin ɗauka da wahalar ƙirga, amma yana da wata falala da ta dace da cefane: ƙanƙantarsa. Da wuri biyar ko goma mace na iya aika yaro ya sayo mata ɗan abin da miya ke bukata. Duk da haka kada a ɗauka hauhawar farashi ta fara ne da naira. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wuri daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya yi yawa, darajarsa ta yi ta faɗuwa har ƙarshen ƙarnin. Babu shakka akwai matan Kano da Zariya na wancan zamani da suka yi ta gaya wa mazajensu cewa wurin bara ba ya yin miyar bana, illa dai babu wanda ya rubuta mana maganarsu.

Anini, Haraji da Yunwa

Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, Turawa suka hana shigo da wuri a 1904, suka kawo nasu kuɗin: fam da sule da sisi da taro da kwabo da ɗari. Da suka ga kwabo ya yi wa ƙaramin ciniki girma, sai suka buga anini mai huda a tsakiya, wanda goma ke yin kwabo ɗaya. Ko shi ɗin ma kuɗi ne mai kauri idan aka gwada shi da wuri, shi ya sa wuri ya daɗe a hannun mata masu sayar da kayan miya bayan ya bar hannun manyan 'yan kasuwa. An yi shekaru ke nan maigida yana lissafi da sule, matarsa tana lissafi da wuri, a cikin gida ɗaya.

Abin da ya fi canza rayuwar gida shi ne haraji na tsabar kuɗi. Dole manomi ya sami sule, saboda haka ko dai ya noma gyaɗa da auduga, ko ya sayar da hatsinsa da kaka lokacin da yake araha, ya dawo ya saya da damina lokacin da ya yi tsada. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, damina ta gaza a 1913, sai ga yunwar 1914 da ake kira Kakalaba. Bayanta aka yi 'Yar Buhu a 1927, da 'Yar Gusau a 1942, kamar yadda Michael Watts ya bi tarihinsu a littafinsa na 1983. Sunayen kansu suna ba da labari. An kira ta 1927 da sunan buhu ne, ta 1942 kuma da sunan garin da mutane suka riƙa tafiya neman hatsi, wato abinci ya fara zama abin da ake nemowa daga nesa da kuɗi a hannu. A irin waɗannan shekaru magidanci ba ya jahiltar farashi, domin da ƙafarsa yake zuwa awo.

Yana da kyau mu dubi abin da ke faruwa a nan Kudu a wannan lokaci, don bambancin ya fito. A Legas, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta ƙayyade farashin abinci a ƙarƙashin wani jami'i mai suna Pullen, sai matan kasuwa a ƙarƙashin Alimotu Pelewura suka yi masa tsaye. A Abekuta ma ƙwace wa mata 'yan kasuwa shinkafa yana cikin abubuwan da suka haifar da gwagwarmayar da Funmilayo Ransome-Kuti ta jagoranta. A ƙasar Yarbawa kasuwa ta mata ce a fili, don haka ba wanda ke tambayar ko mace ta san farashi. A ƙasar Hausa kuwa maza ne ke zaune a rumfuna, kuma a daidai wannan zamani kulle yake ƙara yaɗuwa har cikin ƙauyuka. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, yana ganin cewa bayan mutuwar bauta mata da yawa sun janye daga aikin gona ne don nuna cewa su 'ya'ya ne. Wanda ya tsaya a nan zai yanke hukunci cewa Bahaushiya ta yi nisa da kasuwa. Wannan hukunci kuwa kuskure ne babba.

Kasuwar Bayan Katanga

A 1967 Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, ta kuma gano abin da kowane yaron ƙauye ya riga ya sani, ko da yake masana tattalin arziki ba su lissafa shi ba: akwai wata kasuwa da ba ta da rumfa, wadda ke ci kullum a cikin gidaje. Mata na kulle suna sayar da hatsi mudu-mudu, wani nasu, wani na mazajensu, suna yin fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa. Ta kira shi ɓoyayyen ciniki, ta kuma kwatanta shi da saƙar zuma, kowane gida ɗaki ne a cikinta. Tun kafin ita, labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta, aka buga a 1954, cike yake da mata masu kaɗi da sayar da abinci da tara abin hannunsu.

Matar da ke sayen gyaɗa ta soya, ta matse mai, ta sayar da ƙuli-ƙuli, ba za ta yi kwana uku a sana'ar ba idan ba ta san farashin gyaɗa da itace da gishiri ba, har da na maƙwabciyarta mai irin sana'ar. Ribarta 'yar kaɗan ce ƙwarai, saboda haka saninta dole ya zama na ƙwabo-ƙwabo. Maigida yana iya kuskuren sule guda a farashin buhu bai ji a jikinsa ba, ita kuwa kuskuren anini a kan kowane ƙulli shi ne karyewar jarinta.

Ta yaya labarin kasuwa ke iso mata alhali ba ta fita? Ta bakin yara. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suke zama ƙafa da idon iyayensu mata: su ne 'yan aike, su ne 'yan talla, su ke shiga kowane gida ba tare da shamaki ba. Yarinyar da ta dawo daga talla ba ciniki kaɗai take kawowa ba, tana kawo labarin cewa manja ya tashi, ko mai tumatir na bakin masallaci ya fi na bakin rijiya sauƙi. Ga kuma dillalai tsofaffin mata masu yawo gida-gida. Na tashi na tarar da ragowar wannan tsari, domin ni kaina an sha aike na cefane ina ɗan firamare, kuma na tuna mahaifiyata ba ta taɓa karɓar canji ba tare da ta tambayi kuɗin kowane abu ɗaya bayan ɗaya ba. A lokacin ina ɗauka rashin yarda ne da ni. Sai daga baya na gane jaridarta take karantawa.

Haka abin yake har a zangon Hausawa na Kudu. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya tarar da matan aure na kulle suna dafa abincin sayarwa ga ɗimbin baƙi da gwagware masu harkar shanu da goro, suna kuma zuba ribarsu cikin kwanonin sha da na jere. Waɗannan kwanoni ba ado ba ne kawai. Su ne asusun mace, su take aurar da 'yarta da su, su kuma take sayarwa ranar da gida ya shiga matsi.

Saboda haka a tsakiyar ƙarni na 20 rabon sani ya kasance kamar haka: maigida ya san farashin sari, na buhu da tiya da dabba a tsaye, matar kuma ta san farashin ɗai-ɗai, na gwangwani da ludayi da ƙulli. Kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya. Kuma kowannensu yana da dalilin ɓoye nasa rabin. Shi ba ya faɗin abin da yake samu, don kada buƙatu su ƙaru. Ita ba ta faɗin ribarta, ko ɗan abin da take tsakura daga cefane ta zuba adashi, don kada ya rage abin da yake bayarwa. Ban ga amfanin a ce wani ɓangare ne kaɗai mai laifi a nan ba. Zama ne da aka gina a kan kunya da kara, kuma ya yi aiki muddin farashi yana tafiya a hankali.

Albashi da Udoji

Ma'aikacin albashi wani sabon irin magidanci ne da ƙasar Hausa ba ta saba da shi ba. Malamin En'e, ko ma'aikacin jirgin ƙasa, ko soja, ba shi da rumbu, kuma kuɗinsa sau ɗaya suke zuwa a wata. Sai ya ɗauki ɗabi'ar yin awon wata, ya sayi buhu da garwar mai, sa'an nan ya yanka wani adadi na kullum don cefane. Tun da albashinsa ba ya motsi sai gwamnati ta motsa shi, adadin nan ma sai ya daskare. Daɗin daɗawa, ɗan boko ya fara ganin tsayawa gaban mai kayan miya ya yi masa ƙanƙanta. Kakansa manomi yakan ci kasuwar ƙauye duk mako, ya dawo da nama a rataye. Shi kuwa sai ya aiki yaro. A ganina a nan ne magidanci ya fara rasa ko da rabin sanin da ya gada.

A ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya a kan naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Wannan ya zo daidai da farin 1972 zuwa 1974 da ya halaka amfanin gona da dabbobi a Arewa, ya kuma zo daidai da tashin kuɗin man fetur. Sai ga ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975 har da bashin watannin baya. Ma'aikata suka cika kasuwa da kuɗi, aka sayi babura da rediyo, wasu suka ƙara aure, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar. Manomi da ɗan tireda ba su sami Udoji ba, amma sun biya farashinsa. A shekarun nan ne kuma bakin mutanen birni ya saba da shinkafar waje da burodi da madarar gwangwani da dunƙulen Maggi, wato tukunya ta ƙulla zumunci da tashar jiragen ruwa ta Legas da kuma darajar naira a kan dala. Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da na Shagari a 1980 ba su kwance wannan ƙulli ba.

Akwai wani ɗan lokaci da magidanta suka koma sanin farashi ala tilas. A 1984, zamanin mulkin soja na Buhari, kayan masarufi sun yi ƙaranci, sojoji suna buɗe ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa suna sayar da kaya a farashin gwamnati, mutane kuma suna bin layi tun asuba don madara da sukari da sabulu da shinkafa. A garuruwan Hausa maza ne suka fi cika layukan. Duk wanda ya yi wuni a rana don gwangwanin madara ba ya manta kuɗinsa.

Ciko

Da Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka buɗe kasuwar musayar kuɗi a watan Satumba, naira da take kusan kai ɗaya da dala ta koma kimanin huɗu a kan dala ɗaya, ta kuma ci gaba da gangarawa. An hana shigo da shinkafa a 1985, alkama kuma a 1987. Zuwa 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100. Albashi kuwa yana tafiyar hawainiya.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi magidanta da yawa suka ratsa waɗannan shekaru ba tare da sun gane zurfin ramin ba? Dalili na farko yana wurin masu sayarwa. Mai ƙaramin ciniki ba ya son ƙara farashi, domin mai saye da tsabar da ke hannunsa yake zuwa. Abin da yake yi shi ne ya rage kaya. Ƙullin gishiri ya tsuke, ƙosai ya ƙanƙance, kashin tumatir ya koma uku maimakon biyar, wani ma ya bubbuge gindin mudu. Maigidan da ya tambaya nawa ake sayar da ƙulli zai ji adadin da ya sani tun bara, sai ya natsu. Wadda ta kwance ƙullin a kan tukunya ita ce ta san an yi mata sata.

Dalili na biyu shi ne ciko. Mace ta karɓi abin da aka ba ta, ta ga ba zai kai ba, sai ta cika daga ribar sana'arta, ko kuɗin adashi, ko abin da 'yan'uwanta suka ba ta. Idan wannan ya ƙare sai a fara dabara: kauɗar tumatir a madadin ɗanye, ƙashi a madadin tsoka, awara a madadin nama, tuwon dare ya kwana ya zama ɗumamen safe. Idan dabara ta ƙare sai kwanonin jere su fara fita ɗaya bayan ɗaya ta hannun dillaliya. Duk wannan sunansa rufin asiri, kuma al'ada tana yaba wa macen da ta iya shi. Amma rufin asirin nan yana rufe wa maigida ido. Tun da akushi yana zuwa gabansa a cike, yana da hujjar ɗauka cewa kuɗinsa suna isa. A gidan da ke da kishiyoyi abin ya fi tsanani, saboda wadda ta ce kuɗi ba su isa ba ranar girkinta tana tsoron a ce ai 'yar'uwarta da su take yin miya mai daɗi. Sai kowace ta yi shiru ta cika, gasa ta koma tallafi ga aljihun miji.

Adabinmu ya riga masana ganin wannan. A cikin littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma abin da yake ba Rabi ba ya riƙe gida mai 'ya'ya tara, ita ke fafutukar cikewa, shi kuwa hankalinsa yana kan ƙarin aure. Mata masu karatu sun karɓi littafin hannu biyu-biyu domin sun ga ɗakunansu a ciki. Haka kuma ba banza ba Barmani Coge ta yi ta yi wa mata huɗubar neman sana'a a waƙoƙinta na amada. Sai dai akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Sana'ar da ake kwaɗaita wa mace don ta tsaya da ƙafarta, sau da yawa tukunyar gidan ce ke cinye ta, jari da riba. Shari'a ta ce dukiyarta tata ce, hauhawar farashi kuma ta mayar da ita ta gida ba tare da an nemi izininta ba. Alƙalan kotunanmu da masu sulhun aure sun san cewa rashin ciyarwa yana sahun gaba cikin ƙararrakin da mata ke kawowa, kuma galibi sai ciko ya ƙare ƙaf ake jin ƙarar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Bayan Cire Tallafi

Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2019 ta nuna cewa kimanin kashi 56 cikin 100 na abin da gidajen Nijeriya ke kashewa a abinci yake tafiya. A watan Agusta na shekarar aka rufe iyakokin ƙasa na tudu har zuwa Disamba 2020, ga kuma rashin tsaro da ya hana manoma da yawa shiga gonakinsu a Zamfara da Katsina da maƙwabtansu. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira, zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma a ƙarshen shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan adadi a kasuwanni da dama.

Ba abin mamaki ba ne da ya kasance mata ne a gaba cikin waɗanda suka fara fitowa titi. A watan Fabrairu 2024 mata da matasa suka tare hanya a Minna saboda tsadar abinci, a Kano kuma mata masu yin gurasa suka fito kan tsadar fulawa. Waɗannan su ne jikokin matan Batagarawa, kasuwar bayan katanga ce ta kai inda ba ta iya yin shiru.

Wasu abubuwa sun sauya a tsarin sanin. Makaranta ta ɗauke yara da yawa daga aike da talla tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976, wayar hannu kuma ta maye wani ɓangare na aikinsu. Mata da yawa, musamman ma'aikata da mazauna biranen Kudu, suna shiga kasuwa da kansu, su yi ciniki da Hausawa 'yan'uwansu masu tumatir da albasa a Mile 12 ko Shasha. Maigida kuma yakan tura kuɗin ta waya daga ofis, bai ko riƙe su a hannu ba balle ya ji sun yi masa sauƙi. Na kuma lura da wani hali da ni ma ban kuɓuta daga gare shi ba. Da hatsi ya ɗan sauko a 2025, aka faɗa a rediyo cewa masara da gero sun yi sauƙi a Dawanau, ba a kwana biyu ba magidanta suka san labarin, har wasu suka fara maganar rage kuɗin cefane. Tashin da ya ɗauki shekara biyu bai shiga kunne ba, saukar mako ɗaya ta shiga. Ba su kuma tambaya ko gas da manja da kuɗin niƙa sun bi hatsin sun sauko ba.

Mai nazarin wannan tarihi yana fama da ƙarancin madogara ta ɓangaren mata. Barth ya rubuta abin da fatake suka gaya masa, Smith ya tattara lissafin magidanta, hukuma tana buga farashin kilo da lita waɗanda ba da su ake awo a unguwa ba. Farashin ƙulli da ludayi yana cikin kawunan mata ne, da kuma littafin bashi na mai shagon lungu, wanda yakan yage shafi ya ƙulla sukari da shi idan an biya.

Bayan sallar shekarar nan ta 2024 na tambayi maiɗakina ko tana da lissafin abin da take cikawa. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon littafin rubutu na ɗaya daga cikin yaran, ta fara daga bayansa, kwanan wata a hagu, abin da na bayar a tsakiya, abin da aka kashe a dama. Shafi goma sha ɗaya ne. Na ce mata ko in tara in biya gaba ɗaya. Ta ce, "A'a Malam, wannan na yafe. Kai dai ranar Asabar ka ɗauki jaka mu tafi tare."